Rigar da ke Ƙusar Farko

Ƙusar fayau na tarar da ita. Na dawo layin 'yan riguna da ƙwarya biyu a hammata da ƙullin turaren wuta a hannu, na ɗaga kai in ƙara kallon rigar da na biya kafin azahar, babu ita babu dalilinta.

"Alhaji Nazeer, ka naɗe min ita ne?"

Mai rumfar shigowarsa ke nan daga masallaci, carbi a hannu. Ya dubi ƙusar, ya dube ni, ya sake duban ƙusar. Nan take na san an yi ta.

Ni Sa'adiyya a unguwar Kabara aka yanke min cibiya, aure ne ya kai ni Kaduna, saboda haka kasuwar Kurmi ba baƙuwata ba ce. Tun da ruwan safe ya ɗauke nake zagaya kasuwar ina haɗa kayan bikin 'yata, su tabarmi da faya-fayai da akushi da takalman fata. Amma babban abin da ya kawo ni riga ce da ubanta zai sa ranar ɗaurin aure. Na same ta a rumfar Nazeer, farar shadda, mai adon aska takwas a ƙirji, ɗinkin hannu da zaren tsamiya, in ka shafa sai ka rantse allura ba ta bi wurin ba. Ya ce min aikin Malam Bukar na unguwar Sheshe ne. Ban yi musu ba, don duk ɗan cikin gari ya san ƙusar farko ta hannun dama a rumfar nan, tun zamanin mahaifin Nazeer, ba a rataya aikin kowa a kanta sai na Malam Bukar. Na biya, na ce a bar min ita in ƙarasa sayayya.

Al'adar layin kuwa ita ce, in an kira azahar ba a kulle rumfa. Kowa ya ja ƙyalle ya rufe gaban tasa ya tafi masallaci, mutum ɗaya ya zauna gadi, sai sun dawo ya je ya yi tasa sallar. A ranar nan gadin Modu ne, wani maɗinki mai furfura tsilli-tsilli da ke zama da allurarsa a kan benci a bakin layi. Ɗan ƙanin Malam Bukar ne, a hannunsa ya tashi.

Kafin ka ce me, layi ya cika. Alhaji Abdulmuttalib, shugaban layin, ya sa aka kira Modu.

"Wa ya shiga rumfar Nazeer?"

"Ban ɗauka ba, Alhaji."

"Ban ce ka ɗauka ba. Wa ka gani?"

Modu ya sunkuyar da kai. Wannan shirun shi ya ƙona min rai. Na ce, "Ku ji min mutum! An ba ka gadi, kaya ya yi ƙafa, kana kallon ƙasa kamar a can ka binne shi? Wallahi ko a fito min da rigata ko in kira 'yan sanda yanzu-yanzu."

Nazeer ya ƙara wa wutar fetur. "Kwanan baya har cacar baki muka yi da shi a kan rigar nan."

Shi ke nan, aka fara "dama", aka fara "ni tun tuni". Wani ya ja bencin Modu ya kifar, aka zaunar da shi a ƙasa a tsakiyar layi, mutum da iyalinsa. Abdulmuttalib ya ɗaga hannu ya yanke magana: in aka kira la'asar riga ba ta fito ba, Modu zai bi 'yan sanda, kuma bencinsa ya bar layin har abada. Duk wanda aka kora daga layi da sunan sata, ko maɓalli ba mai ƙara ba shi ya ɗinka a cikin birnin nan. Modu ya san haka sarai.

"Kafin nan," in ji Abdulmuttalib, "a kira Hambali."

*

Hambali Bafulatani ne na Ƙofar Ruwa, dogo, siriri, yana sayar da igiya da ragama a bakin kasuwa. Da ƙuruciya sawun shanun sata yake bi a daji, yanzu kuwa in abu ya ɓata a Kurmi shi ake nema. Tafiyarsa sannu, maganarsa ta fi tafiyar sanyi. Ni da nake tafasa, ganinsa kawai ya ƙara min zafi.

Bai kalli Modu ba. Ya dubi simintin gaban rumfar da jama'a suka tattake, ya girgiza kai, ya cire takalmi ya shiga. Rumfar tana da 'yar ƙofa ta baya da ke fita wani lungu. Nan ya durƙusa ya daɗe yana kallon tabarma.

"Ɓarawonku mai ladabi ne," ya ce. "Ya cire takalmi kafin ya taka tabarma."

Na leƙa. Ga danshin tafin ƙafa nan, bai gama bushewa ba. Hambali ya miƙe ya bi jerin rigunan da ke rataye a bango, daga ƙofar baya zuwa ƙusar farko. Kowacce ta ɗan karkace, kamar an bi an taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga tarin shaddodin da ke kusurwa, ya leƙa ƙasa, ya mayar.

"Alhaji Nazeer, cacar bakin da kuka yi da Modu, a kan me?"

"Maganar kasuwa ce, Baffa."

"To." Ya fito ya tsuguna gaban Modu. "Malam Modu, ɗaga min ƙafarka." Ya duba tafin, ya ajiye. "Wanda kake rufa wa asiri, ya san halin da ya bar ka?"

Idon Modu ya kawo ruwa. Ya kau da kai.

Ana cikin haka wani ya ce shi dai ya ga Ɗayyabu mai bugun shadda ya wuce da farin ƙunshi ana tayar da salla. Jama'a suka ɗauka caa. Hambali ya ce kowa ya tsaya inda yake. Na ce ni ba mai tsayar da ni, rigata ce, ƙafata ƙafarsa. Ya dubi takalmina mai tsini ya ce, "Allah ya ba ki sa'a, Hajiya."

*

Tun daga nesa ake jin masu bugu, tim-tim, tim-tim, suna dukan shadda a kan gungume don ta yi sheƙi. Ɗayyabu ƙato ne, gumi har gwiwar hannu. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yar da abin bugun, ya janyo ƙunshin ya warware a gabanmu. Yadi ne ko yankawa ba a yi ba. Hambali ko kallon yadin bai yi ba, ƙafar mutumin yake kallo, wadda ta kusa biyun wadda muka gani a tabarma.

"Ba kai ba ne. Amma gaya min, cikin 'yan riguna wa ya biyo ta nan yau?"

"Da yawa. Malam Bukar ma ya wuce da hantsi." Ya sosa ƙeya. "Wallahi Baffa, ba mu san yana tsaye a bayanmu ba."

"Kuna cewa me?"

"Hirar banza ce. Wata riga ce Nazeer ya kawo mana bugu kwanaki, an haɗa farin zare da ruwan ƙwai a ƙirji, rabi da rabi, abin ba kyan gani. Yara suna ta dariya, har aka kama sunan mai ɗinkin. Da muka juya sai muka ga bayansa."

Na ce, "Baffa Hambali, ni rigata fara ce tas, ba ruwan ƙwai ba ruwan agwagwa. Rana tana tafiya, mu kuma muna nan muna jin gulmar masu bugu!"

Hambali ya yi wa Ɗayyabu sallama. Ya juya, na bi shi ina tsaki.

*

Lungun bayan rumfar Nazeer matsattse ne, ƙasa ce zalla, ruwan safe ya mai da ita taɓo. Hambali ya hana ni takawa ta tsakiya. Ya nuna min sawu da bakin sandarsa: takalmin fata, tsohon yayi, dunduniyar ta cinye ta gefe.

"Dubi nan. Ɓarawo in ya fito da kaya, tsakiyar hanya yake bi, takunsa da faɗi, yatsu sun fi nutsewa. Wannan takunsa gajere ne, bai yi sauri ba, kuma bai rabu da jikin bango ba." Ya ɗaga sandar zuwa daidai kafaɗa. A jikin jiƙaƙƙen bangon ƙasar akwai dogon layi na yatsu, ya tafi bai yanke ba.

Muka bi har inda kwata ta ratsa lungun. Akwai katako da aka gitta a kanta don tsallakawa. Sawun bai nufi katakon ba. Ya tafi kai tsaye gefensa, inda babu komai, kuma a nan baƙin taɓon kwatar ya burma, ga shaidar gwiwa da tafin hannu ɗaya a ɗaya gefen.

Wata tsohuwa mai tukwane tana zaune a wurin, Uwani sunanta. Hambali ya gaishe ta har ƙasa.

"Iya, katakon nan a nan yake kullum?"

"A'a, ɗan nan. Shekara da shekaru a jikin bango yake. Yau da safe na jawo shi nan, ruwa ya ci bakin wancan gefen."

"Kin ga wanda ya faɗa?"

"Ina salla a bayan tukwane. Na dai ji an yi salati a hankali, muryar babba. Kafin in sallame ya wuce."

Hambali ya sake duban inda taɓon ya burma. Rana tsaka, katako ga shi ƙato, ko akuya ta gan shi. Sai a lokacin na gane, tun kafin ya buɗe baki.

"Mutumin nan da ƙafa ya san hanyar, Hajiya, ba da ido ba. Hannu ɗaya ya dafa da ya faɗi, ɗayan yana sama da rigarki, bai bari ta taɓa ƙasa ba."

Daga kwatar sawun ƙafar hagu ya koma baƙi ƙirin, ya miƙe ya nufi Sheshe. Hambali bai bi shi nan take ba. Ya koma bakin layi ya yi wa Abdulmuttalib raɗa: ya taho da Modu da Nazeer, su kaɗai, ban da 'yan kallo. Ya ce wa Nazeer, "Farar rigar da ka tura ƙasan tari, ɗauko ta." Fuskar Nazeer ta yi wani iri, amma ya ɗauko.

*

A ƙofar wani tsohon soro a Sheshe sawun ya ƙare. Takalman na nan a ajiye, na hagu ya yi baƙi har sama.

Muka yi sallama. Malam Bukar na zaune a kan buzu, tsoho fari sol da gemu, ƙafar wandonsa ɗaya a jiƙe. Rigata na shimfiɗe a cinyarsa, yatsunsa na bin ɗinkin ƙirji, ga reza a gefen gwiwarsa. Da na ga rezar nan saura kaɗan in yi ihu. Hambali ya ɗaga min hannu.

Tsohon ya amsa wa kowa da sunansa, amma sai mutum ya yi magana tukuna. Da na gaishe shi ya juyo da fara'a, idonsa ya sauka a kan bangon da ke gefena.

Abdulmuttalib ya fara kame-kame. Malam Bukar ya katse shi.

"Na san abin da ya kawo ku. Nazeer, ni na shiga rumfarka, abina na ɗauko. Ladan ɗinkin zan mayar maka. Amma rigar da masu bugu ke yi wa dariya ba za a sayar da ita da sunana ba, ina raye." Ya gyara zama. "Modu, kana nan? Matso. Nuna min inda ruwan ƙwan ya fara in warware. Tun ɗazu nake nema, hasken soron nan ba shi da kyau."

Hasken soron kuwa har ƙurar da ke yawo ana gani. Ba wanda ya motsa.

Modu ya ja gwiwa ya je gabansa. A hankali ya janye rezar ya tura bayansa.

"Baba, babu ruwan ƙwai a wannan."

"Kada ka lallashe ni, ni ba yaro ba ne. Da kunnena na ji."

"Ba ita ba ce, Baba. Wannan ni na ɗinka ta."

Yatsun tsohon suka tsaya cak. Sannan suka ci gaba, da sauri yanzu, suna bin wuya, suna bin aljihu, suna juya ɗinkin ta ciki.

"A ƙusata na ɗauke ta. Kuma wannan jan zaren nawa ne. Wannan ƙullin nawa ne, ba mai yin sa a garin nan."

"Kai ka koya min."

Hambali ya kafa wa Nazeer ido. Nazeer ya fara zuba kamar an kwance buhu. Wai da rigar Malam ta dawo daga bugu ya ga yadda zaren ya haɗu, ya san ba mai saye, kuma ba zai iya faɗa masa ba. Sai ya tura ta ƙasan tari, ya rataya ta Modu a ƙusar farko, yana ce wa masu saye aikin Malam ne. Abin da ya haɗa shi faɗa da Modu ke nan.

Na ce, "Amma Nazeer ka cika mara kunya! Ka dube ni ka yi min rantsuwa, sannan ka tsaya a gaban jama'a ka tura wa bawan Allah sata, alhali ka san dalilin faɗan naku?" Da ba a soron mutane nake ba, da ya ji sauran. Sai dai ni ma bakina bai yi nisa ba ya mutu, don na tuna wa ya fara kiran 'yan sanda.

"Sata?" in ji Malam Bukar. "Wa aka ce ya yi sata?"

Abdulmuttalib ya gaya masa komai, bencin da aka kifar, zaman ƙasa, wa'adin la'asar. Tsohon ya lalubo kan Modu ya dafa.

"Ka gan ni na shiga?"

"Na ga ka bi lungun baya, Baba. Na zaci rigarka za ka nema a ƙasan tari. Sai da aka yi ihu na gane wadda ka ɗauka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In na ce kai ne, sai su tambayi yadda aka yi ka kasa gane rigarka."

Ashe an daɗe ana haka. Kullum da safe Modu ke zura masa zare a allurai ya jera masa, tsohon ya yi ta ɗinki da yatsa, ba wanda ya sani. Ranar da zaren ya haɗu, Modu na asibiti da matarsa.

Abdulmuttalib ya share fuska da hularsa ya ce, "Malam, abin nan ya tsaya a soron nan. Mu koma mu ce an ga riga a cikin tari, kuskure ne. Ba wanda zai ji komai."

Wallahi na so a yi hakan. Modu ma ya ɗaga kai da sauri yana cewa e, haka za a yi. Malam Bukar ya juya wajen da ya ji numfashin Hambali.

"Kai mai bin sawu, ka san mutane. In aka ce a tari aka gan ta, me layi zai ce?"

Hambali ya ce, "Rabi za su yarda. Rabi za su ce tsoro ya ji ya mayar a ɓoye."

"Kuma haka za su gaya wa 'ya'yansu." Tsohon ya naɗe rigar da kansa, naɗi mai kyau, ya miƙo ta sama. "Hajiya, karɓi kayanki. Ba aikina ba ne, amma ba a cuce ki ba." Na karɓa. Ya dafa bango ya miƙe. "Modu, miƙo min takalmi."

"Baba, don Allah. In ka faɗa da bakinka, ba mai ƙara kawo maka ko hula."

"Na sani. Riƙe hannuna."

"Baba..."

"Ba ta lungu za mu bi ba. Ta babbar hanya."

Ana kiran la'asar muka shiga kasuwa. Modu na gaba kaɗan, tsohon na riƙe da hannunsa, mu muna biye. Masu tabarmi suka bar ciniki, dukawa suka ɗago daga kan fata. Mutumin da suka saba gani yana ratsa Kurmi shi kaɗai, kai a sama, yau ga shi ana ce masa "ɗaga ƙafa, Baba, akwai tudu". Ni dai mayafi na ja na rufe fuska, kuka nake yi ba kunya.

A bakin layin 'yan riguna jama'a na nan cunkus, har da ɗan sandan da wani mai azarɓaɓi ya riga ya kira. Malam Bukar ya tambayi Modu ko sun iso, ya ce sun iso. Ya saki muryarsa yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Jama'a, ni ne Bukar. Ni na ɗauki riga a rumfar Nazeer, na zaci tawa ce. Idona ya tafi, na daɗe ba na gani, yaron nan ke rufa min asiri. Wanda ya kifar masa da benci ya zo ya tayar da shi."

Can wani ya fito daga cikin taron, kansa a ƙasa, ya ɗaga bencin ya goge shi da hannun rigarsa. Modu bai zauna ba. Ya zaunar da tsohon a kai, ya tsaya a gefensa, har lokacin bai saki hannunsa ba.